Ido Biyu, Zuciya a Kwance: Nazari a kan Goro, Shayi da Ƙwazon Aiki

Tun kafin gari ya waye a Maiduguri masu shayi sun riga sun hura wuta. A Tashar Baga, da bakin Kasuwar Monday, da Bulumkutu, da Gwange, benci yakan cika da direbobin Keke Napep, da leburori, da masu gadin da suka kwana a tsaye. Wani Lipton yake so da madara, wani sai an zuba masa Nescafé cokali biyu, wani kuwa ya fi son baƙin shayin nan mai kauri da ake dafawa a ƙaramar buta. Dattijo na gefe yana ɓantarar goronsa. Ɗalibi ya wuce da kwalbar lemon ƙarin kuzari a hannu. Dukansu abu ɗaya suke nema ko da ba su san sunansa ba, wato sinadarin da masana ke kira kafeyin.

Masu bi ma suna cikin wannan layi. Akwai matashin da ke gadin ƙofar majami'a, da ma'aikaciyar jinya 'yar Zumuntar Mata mai aikin dare, da mai wa'azin da bai zauna shirya jawabinsa ba sai daren Asabar. Da yawansu suna kuka iri ɗaya: sun sha shayi, sun ci goro, ido ya buɗe, amma aikin da ke gabansu yana nan ba a taɓa ba. Wannan darasi zai duba abin da kafeyin ke iya yi wa mutum, da inda ikonsa ya tsaya, da kuma abin da ake kira ragwanci alhali sau da yawa wani abu ne dabam.

Tsohon baƙo ne a ƙasar Borno

Goro ba ya tsiro a Borno. Shekaru aru-aru fatake suna ɗauko shi daga Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, su bi ta ƙasar Hausa har su kai shi gabas. Sa'ad da Bajamushen nan Gustav Nachtigal ya iso Kukawa a 1870, zamanin Shehu Umar, ya rubuta irin darajar da mutanen Borno ke ba goro duk da tsadarsa. Daga baya noman goro ya kafu a ƙasar Yarbawa, motoci suka maye gurbin jakuna. Har yanzu da wuya a ɗaura aure ko a raɗa suna ba a raba shi ba, a gidan Musulmi ko na Kirista.

Gahawa kuwa tarihinta ya haɗu da ibada tun farko. A ƙarni na 15 Sufaye a ƙasar Yaman suna shan ta domin su iya raya dare. Ashe masu neman abin da zai hana su gyangyaɗi a wurin addu'a ba yau suka fara ba. A 1819 ne wani masanin haɗa magunguna a Jamus, Friedlieb Runge, ya ware sinadarin daga 'ya'yan gahawa, daga baya aka gane shi ne dai ke cikin ganyen shayi da goro.

Yadda yake aiki a jiki

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Yawan taruwarsa shi ne nauyin da ake ji a ido da yamma. Barci ne ke rage shi. Kafeyin ya yi kama da adenosin a siffa, don haka sai ya je ya zauna a gurbin da adenosin ke zama, ya toshe shi. Ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya, amma gajiyar tana nan, tana ma ƙaruwa. Kamar mutum ne da mai bin sa bashi ke ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuwa ya toshe kunnuwansa da auduga. In audugar ta faɗi, mai bashi na tsaye, kuɗin kuma sun ƙaru. Wannan ne dalilin mutuwar jikin da kan biyo baya in ƙarfin shayin ya sake.

Kafeyin yakan kai ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa 60. Fitarsa ce ke da nawa. A jikin baligi mai lafiya hanta takan ɗauki kimanin awa 5 kafin ta kawar da rabinsa. Wanda ya sha miligram 200 da ƙarfe 4 na yamma, da ƙarfe 9 na dare saura 100 a jikinsa, da ƙarfe 2 na dare kuma saura 50. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligram 400, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha, ya rage wa mutane barci fiye da awa guda. Wanda ke alfahari cewa shi ko ya sha Nescafé da dare barci yake yi, zai yiwu gaskiya yake faɗa, sai dai barcin nasa ba ya yin zurfi. Da safe ya tashi a gajiye, ya ƙara cokali. Haka igiyar ke naɗe mutum ba tare da ya lura ba.

Jikuna sun bambanta. Mace mai ciki, musamman a watannin ƙarshe, jikinta na iya ɗaukar ninki biyu ko uku na wannan lokaci kafin ya kawar da kafeyin. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligram 400 a yini ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Kofin gahawa ɗaya yakan ƙunshi miligram 80 zuwa 100, kofin baƙin shayi 40 zuwa 50, gwangwanin Red Bull mai mililita 250 kuma 80. Yawancin lemukan ƙarin kuzari suna da kusan miligram 30 a kowace mililita 100, ke nan kwalba mai rabin lita ta kai 150, ban da tarin sukarin da ke ciki. Akwai kuma wanda ake mantawa da shi: ƙwayar Panadol Extra ɗaya tana da miligram 65, garin Alabukun ma yana da nasa. Mai cin goro tun safe har dare shi ne bai san lissafinsa ba sam, domin ba a rubuta komai a jikin goro ba.

Kada a ɗauka ana kushe shayi ne. Shan sa daidai wa daida ba laifi ba ne, yana kuma taimakon mai aikin dare ƙwarai. Akwai ɗarikun da ke hana mabiyansu shayi da gahawa, amma Littafi Mai Tsarki bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, ba kuwa daidai ba ne a kafa doka inda babu ita. Abin da Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa a sura 6 ta wasiƙarsa ta fari ya isa ma'auni, wato mai bi ya duba ko abin halal ɗin nan ya zama ubangidansa. Gwajin ba wuya: mutum ya bar shi kwana biyu. In ciwon kai da fushi da kasala suka taso, jiki ya riga ya saba. Mai hawan jini, da mai gyambon ciki, da mai yawan faɗuwar gaba, su kam sai da shawarar likita. Yara kuwa ba su da abin yi da lemon ƙarin kuzari, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi haka tun 2011.

Garin da barci ya yi wa wuya

Mai karatu a Jos ko Gembu ba lalle ya gane yadda dare yake a Maiduguri a watan Afirilu ba. Da rana zafi yakan haura maki 40, ɗakin kwano kuma yana riƙe da zafin har tsakar dare. A Janairu 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka karya turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu, garin ya shafe watanni masu yawa babu wutar gwamnati, babu fanka sai ga mai janareto. Kafin wannan akwai shekarun dokar hana fita da ƙarar bindiga, tun daga Yuli 2009. Majami'u suka sa matasa gadi dare da rana. A 2014 mutane suka kwararo daga Gwoza, da Bama, da Damboa, gida mai ɗaki biyu ya ɗauki mutum ashirin. Sai kuma ambaliyar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba 2024, wadda ta tashi unguwanni da dama cikin dare. Wanda ya ratsa waɗannan duka, in ya ce ba ya barci sosai, ba abin mamaki ba ne.

Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Wannan magana ta shafi direban da zai kama hanyar Damaturu zuwa Kano bayan ya kwana yana lodi. Ekklesiya tana tsawata wa direba mashayi, daidai ne kuwa. Direban da bai yi barci ba fa? Fasinjojinsa suna cikin hatsari iri ɗaya. Abin da aka tabbatar yana taimako shi ne a tsaya, a sha gahawa, a runtsa minti 15 zuwa 20 kafin ƙarfinta ya taso. A hanyoyin Borno ba ko'ina ake tsayawa ba, saboda haka direba ya shirya hutunsa tun daga tasha.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya in shayi ya daina yi. Daga cokali biyu a koma uku, daga nan a nemi mai shayin da ke da haɗi na musamman. A Kano an daɗe da sanin gadagi a tsakanin 'yan acaɓa. Ƙwayar tramadol, wadda maganin ciwo ce mai ƙarfi, ta shiga hannun leburori da manoma da ɗalibai da sunan maganin gajiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna amfani da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga ciki kuwa irin su tramadol da kodin ne. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya nuna har da wata cibiyar gyaran hali a Kano. Tramadol tana kama mutum, tana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Da yawa daga cikin waɗanda ta kama ba neman maye ne ya kai su ba. Aiki suke so su yi fiye da abin da jiki zai ɗauka. Iyayen da ke murna ɗansu yana tuƙa keke tun asuba har dare ba ya gajiya, ya kamata su tambayi kansu da me yake yi.

Ragwanci ne, ko gajiya, ko baƙin ciki?

Kafeyin yana buɗe ido, amma ba ya sa wa mutum son aikin da zuciyarsa ta ƙi. Ɗalibin da ya sha kwalba biyu domin karatu yakan ƙare da danna waya har asuba, ido garau, littafi a rufe.

Ragwanci gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki bai kuwa yi masa sassauci ba. Karin Magana sura 6 ta tura rago wurin tururuwa ya koyi darasi, sura 24 kuma ta zana gonarsa da ƙayayuwa suka cinye, katangarta ta zube. Bulus ya tsawata wa waɗansu a Tasalonika da suka bar sana'a suna ci daga gumin 'yan'uwa. Akwai mai lafiya, mai ƙoshi, mai isasshen barci, wanda ke wuni a gindin dalbejiya yana jiran ɗan'uwansa ma'aikaci ya karɓi albashi. Wannan ba shayi yake bukata ba, dattawa yake bukata su faɗa masa gaskiya.

Sai dai Nassi ɗin nan ya san wani irin kwanciya dabam. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu saboda barazanar Yezebel, ya shiga jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. A lura da abin da Allah ya fara yi masa. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka yi masa tambaya, aka saurari kukansa, aka gyara masa lissafinsa da yake tsammani shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000. Sa'an nan aka ba shi ayyuka ƙayyadaddu, aka kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Da Iliya ɗan wata majalisa ce ta yau, da tun a rana ta fari an kafa masa kwamiti. A Gatsemani ma, Luka wanda likita ne ya rubuta dalilin barcin almajiran, ya ce baƙin ciki ne.

Wannan ya shafi Maiduguri kai tsaye. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2019 ta nuna cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgitar da ke biyo bayan mugun gani. Manomin da ya baro gonarsa a gindin duwatsun Gwoza, mutumin da a dā ke fita tun duku-duku, yanzu yana zaune ya zuba tagumi, an ba shi jari ya kasa juyawa. In aka kira shi rago an yi masa ƙazafi, an kuma ƙara masa nauyi. Alamun ciwon damuwa sanannu ne: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu ko fiye, barci ya lalace, abinci ya fita a rai, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Wannan ciwo ne da ake magani. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Rakiyar ɗan'uwa zuwa can ba ta rage bangaskiyar kowa, addu'a kuma ba ta tsaya don an je. Wanda ya fara maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira Lahadi.

Wani lokaci ma dalilin yana cikin jini ne. Ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro da bai warke sarai ba, da ciwon sukari, duk suna zuwa da kasala. Mata masu haihuwa kusa-kusa sun fi kowa shan wannan. Shayin da suke sha don ƙarfi yana iya ƙara matsalar, domin in aka sha shi tare da abinci yana rage ƙarfen da hanji ke tsotsa. Gara a bar awa ɗaya tsakani.

Abin da sufayen hamada suka gano

Akwai kuma kasalar da ba ciwo ba ce, ba kuma ragwanci tsantsa ba, wadda ke kama ko mai himma. Kiristocin da suka keɓe kansu a hamadar Masar a ƙarni na 4 sun san ta, suna kiranta akediya da Helenanci. Ebagiriyus, mutumin Fantas, wanda ya rasu a 399, ya kwatanta ta da aljanin tsakar rana. Ya ce takan sa mai ibada ya riƙa leƙen rana yana ganin kamar ta tsaya cik, ya tsani ɗakinsa da aikin hannunsa, ya ɗauka da yana wani wuri da ya yi abin kirki. Duk ma'aikacin ofis da ya taɓa zuba wa agogo ido da ƙarfe biyu na rana ya san wannan aljani.

Maganin da suka bayar ba mai armashi ba ne: a zauna a wurin, a sa hannu a aiki. Yohanna Kasiyan ya ba da labarin wani dattijo, Abba Bulus, wanda ke zaune nesa da kowace kasuwa, yana da abincinsa daga dabino da ɗan lambu. Duk da haka kowace rana yakan tara ganyen dabino ya yi aikin da ya ɗora wa kansa, in shekara ta ƙare kogonsa ya cika, sai ya cinna wa aikin wuta ya fara sabo. Likitocin ƙwaƙwalwa na zamani sun iso kusa da wannan. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi da mai ciwon damuwa ita ce a tsara masa ƙananan ayyuka a kan lokaci, ya yi su ko ransa bai so ba, domin sau da yawa sha'awar aiki takan zo ne bayan an fara. Mai jiran sai ya ji ƙwazo kafin ya tashi zai daɗe a zaune.

A aikace, aikin da ya fi nauyi a sa shi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Wanda babban aiki ya tsorata, ya yanki abin da zai gama cikin minti 10, ya fara da shi. Wayar hannu ta kwana nesa da shimfiɗa. Mutanen karkara kuma sun daɗe da sanin amfanin gayya: gonar da ta gagari mutum ɗaya mako guda, mutum goma sukan gama ta kafin azahar suna raha. Ɗalibai biyu da suka yi alkawarin haɗuwa ƙarfe 5 na asuba sun fi wanda ya dogara ga kwalba shi kaɗai.

Shugabannin ekklesiya ma suna da nasu kason. A Ayyukan Manzanni sura 20, saurayin nan Aftikos ya faɗo daga hawa na uku a Taruwasa domin jawabin Bulus ya kai tsakar dare, ba a kuwa rubuta cewa an tsawata wa yaron ba. In an sa addu'ar kwana, a duba ko washegari ranar aiki ce, a tuna da direba da ma'aikaciyar jinya da ke cikin taron. Masu gadin majami'a a raba musu dare kashi-kashi, kada mutum ɗaya ya kwana uku a jere da butar shayi. Dattijon da ya ga wani yana gyangyaɗi a sujada, kafin ya zungure shi, ya fara sanin inda ya kwana.

Wanda kuma ya gane shansa ya yi yawa, kada ya yanke rana ɗaya. Ciwon kan daina kafeyin yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya tsananta a kwana na biyu, yana iya kaiwa kwana 9, abin da ke sa mutane da yawa su koma ke nan, waɗansu ma su ɗauka zazzaɓi ne su sayi magani. Gara a rage kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, a fara da cire na yamma, a mai da shan ƙarshe kafin ƙarfe 2 na rana. A gurbin na yamman a sha ruwa, ko zoɓo, ko shayin citta da kanumfari wanda ba a sa masa ganyen shayi ba.